Kawo Mutum Biyar: Ina Doka Take?

Jama'ar unguwa, kwanan nan kusan kowane gida a Sahuda ya ga baƙo da jakar magani ko man shafawa, yana cewa ka yi rajista, ka kawo mutum biyar, su ma su kawo biyar-biyar, sai kuɗi su fara zubowa. To, mu yi lissafi. A mataki na 12 ana buƙatar mutum sama da miliyan 244. Wannan kusan yawan mutanen Najeriya ne baki ɗaya. Ke nan na ƙasa shi zai yi asara, ko ba daɗe ko ba jima.

Ba yau muka fara gani ba. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ma ta durƙushe a Afrilun 2025.

Gaskiya gwamnati ta motsa. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar aƙalla naira miliyan 20 ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu shirya irin wannan damfara. Madalla. Amma ƙorafinmu shi ne, mai wayo ba ya zuwa hannu biyu. Yakan ɗora sabulu ko shayi a kan tsarin, ya ce ai ciniki ne. Ya nuna maka takardar CAC da lambar NAFDAC. Ka ga, CAC suna kawai ta yi wa rajista, NAFDAC kuma kayan ta duba, ba yadda ake rabon kuɗin ba. A Amurka, a 2016, hukumar FTC ta sa Herbalife biyan dala miliyan 200, ta kuma tilasta masa ɗora lada a kan ainihin sayar da kaya. Irin wannan ma'aunin muke so a rubuta ƙarara a nan. Mu da ke bakin iyaka, wanda ya cuce ka zai iya kwana a Kamaru kafin ka kai ƙara Mubi.

Mu ma da laifinmu. Ƙanne da surukai muke jawowa, kunya ta hana su cewa a'a, in abu ya ɓaci zumunci ya tafi da kuɗin.

Kafin ka sayar da tunkiyarka, ko Hajiya ta zuba kuɗin adashe, a yi tambaya ɗaya: in ban kawo kowa ba, kayan nan kaɗai zai ba ni riba? In ya fara kame-kame, a ba shi ruwa ya sha, a raka shi ƙofa.

Allah Ya tsare mana guminmu.