Tarar da Ake Ƙirga Ta da Kwanaki: Nazarin Kalmomin Laifi da Horo a Shari'ar Jamus

Mai koyon Jamusanci ta hanyar Turanci yakan tarar an jera masa kalmomin laifi da horo gefe da gefe. Verbrechen a ce masa crime, Strafe a ce punishment, Geldstrafe a ce fine, a zo kan Geldbuße a sake ce masa fine. Wannan jeri ya ishi mai karanta jarida, amma bai ishi wanda takardar kotu ta sallama a ƙofarsa ba. A Jamus doka ce ta shata wa kowace kalma iyakarta, kuma sunan da aka laƙaba wa abin da mutum ya aikata shi ne ke nuna hukumar da za ta tuhume shi, da ko sunansa zai shiga kundin masu laifi, da ko zai kwana a gidan yari.

Kundin hukunta laifuka na ƙasar, Strafgesetzbuch, an kafa shi a 1871, shekarar da Jamus ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya. Ya bi sawun dokar Faransa ta 1810, ya kasa laifi gida uku: Verbrechen, Vergehen da Übertretung. Biyun farko suna nan har yau. Sashe na 12 ya ce Verbrechen shi ne laifin da mafi ƙarancin horonsa ɗaurin shekara ɗaya ne ko fiye, irin fashi da kisan kai, Vergehen kuwa shi ne wanda ƙaramin horonsa bai kai haka ba, irin sata da zamba. Ƙamus yakan fassara su da felony da misdemeanour, alhali Ingila ta soke wannan rabe-raben daga dokarta tun 1967. Gida na uku an rushe shi a 1975, aka kwashe da yawa daga ƙananan laifukan da ke ciki aka zuba su a wani rukuni da ke wajen kundin, wato Ordnungswidrigkeit, saɓa ƙa'ida. Ajiye mota inda aka hana, gudun da ya wuce kima, damun maƙwabta da hayaniya cikin dare, duk nan suke. Ofishin hukuma ne ke yanke kuɗin, sunansa Geldbuße, kuma wanda ya biya ba a rubuta shi a kundin masu laifi da ke Bonn.

Geldstrafe ita ce tarar da kotu ke yankewa a kan laifi na sosai, kuma a nan ne fasahar tsarin take. Tun a 1882 masanin shari'a Franz von Liszt ya yi kira a sake duba manufar horo, kuma ya daɗe yana sukar gajeren ɗauri, domin yana raba mutum da aikinsa da iyalinsa, ya haɗa shi da riƙaƙƙun masu laifi, ba tare da ya gyara shi ba. An ɗauki kusan shekara casa'in kafin a saurare shi. Gyaran dokar 1969 ya soke Zuchthaus, kurkukun aiki mai tsanani da ke zubar da mutuncin wanda ya shiga, ya kuma ce kada a ɗaure mutum ƙasa da wata shida sai in babu makawa. To, me zai maye gurbin ɗaurin? A 1975 aka ɗauko dabarar da Finlan ta fara a 1921, tarar da ake ƙirgawa da kwanaki, Tagessatz.

Alƙali yana yin lissafi biyu, kowanne da ma'auninsa. Da farko ya dubi girman laifin da alhakin mai shi, abin da suke kira Schuld, ya yanke adadin kwanaki, daga 5 zuwa 360. Sannan ya dubi abin da mutumin ke samu a rana bayan an cire haraji, ya yanke kuɗin kwana ɗaya, daga yuro 1 zuwa yuro 30,000. Sai a ninka. A ce mutum biyu sun yi laifi iri ɗaya, an yanke wa kowa kwana 30. Mai samun yuro 1,500 a wata kwanansa ya kama yuro 50, zai biya 1,500. Mai samun 9,000 kwanansa ya kama 300, zai biya 9,000. Kowannensu ya rasa guminsa na wata guda. A 2014 an ci tarar ɗan ƙwallon Borussia Dortmund, Marco Reus, yuro 540,000 saboda tuƙi babu lasisi. Jaridu sun yi ta yayata kuɗin, amma abin da lauya zai fara tambaya shi ne yawan kwanakin, kuma 90 ne, kowanne a kan yuro 6,000. Wannan adadi yana da nauyi, domin tarar da ba ta wuce kwana 90 ba, in ita kaɗai ce a kan mutum, ba ta fitowa a Führungszeugnis, takardar shaidar hali da masu ɗaukar aiki ke nema, kuma ba ta hana baƙo samun zama ɗan ƙasa. Kwana ɗaya a kan casa'in yana iya sauya wa mutum rayuwa.

A ganina wannan ya fi tarar da aka ƙayyade wa kowa kuɗi ɗaya adalci nesa ba kusa ba, domin waccan tamkar a ɗora wa jaki da raƙumi kaya ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa zama a kotunanmu ya ji an ce ɗaurin wata kaza ko tarar kaza ya san wanda ke ciro kuɗi ya tafi gida da wanda ake tasa ƙeyarsa. A Jamus kimanin kashi 80 cikin ɗari na hukuncin da ake yanke wa manya tara ce, wanda ke nuna burin Liszt ya cika ta wannan fuska.

Sai dai akwai wata doguwar kalma da jerin ɗalibai ba ya cika kawowa, Ersatzfreiheitsstrafe, ɗaurin da ke maye gurbin tarar da aka kasa biya. Ta wannan ƙofa gajeren ɗaurin da aka kora ya dawo, kuma talaka kaɗai yake samu. Mai hali yana biya daga ajiyarsa. Wanda ke rayuwa a kan tallafin gwamnati ba shi da rarar da zai ciro, ko da kuwa kwanansa yuro 10 ne. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne hanyar da ake bi. Ƙananan shari'o'i da yawa ba a zama a kansu. Mai gabatar da ƙara ya rubuta buƙatarsa, alƙali ya sa hannu, a aika wa mutum Strafbefehl, wato umarnin horo, ta gidan waya cikin ambulan ruwan ɗorawa. Doka ta yarda a kintaci abin da yake samu in ba a sani ba. Yana da mako biyu ya ɗaga ƙorafi, in bai yi ba takardar ta zama hukunci. Marar gida, da mai taɓin hankali, da wanda shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, da baƙon da bai iya karanta Jamusancin kotu ba, su ne ba sa buɗe wasiƙa a kan lokaci. Haka mutum zai tsinci kansa a kurkuku bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

Laifin da ya fi tona asirin wannan rauni shi ne shiga jirgin ƙasa ko bas babu tikiti, wanda jama'a ke kira Schwarzfahren. Doka ta sa shi a sashe na 265a da sunan Erschleichen von Leistungen, cin moriyar hidima a ɓoye, kuma an shigar da sashen ne a 1935, zamanin mulkin 'yan Nazi. Vergehen ne, horonsa tara ko ɗaurin da zai kai shekara. Kamfanin sufuri yana karɓar yuro 60 nasa daban, sannan ya kai ƙara in abin ya maimaitu. Direban da ya sheƙa gudu kusa da makarantar yara, muddin bai jawo haɗari ba, yawanci saɓa ƙa'ida kawai ya yi, ya biya kuɗi, a rubuta masa maki a ofishin kula da direbobi da ke Flensburg. Wanda ya hau bas babu tikitin yuro uku kuwa mai laifi ne a idon doka. Dubban mutane ne ke shiga gidan yari kowace shekara a kan wannan, gidan yarin Plötzensee da ke Berlin ya shahara da su, kuma riƙe fursuna na kwana ɗaya yana cin gwamnati fiye da yuro 100.

Masu kare tsarin suna cewa in babu barazanar ɗauri tara za ta zama wasa, kuma masu sayen tikiti ne za su ɗauki asarar. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga wanda yake da shi ya ƙi biya. Ga wanda ba shi da shi, barazana ba ta haifar da kuɗi. Akwai damar yin aikin gayya a madadin ɗauri, amma tana buƙatar mutum ya nema, ya zo kan lokaci kullum, abin da ya fi ƙarfin yawancin waɗanda abin ya shafa.

Jamusawa da kansu sun fara gyara. A ƙarshen 2021 ɗan jarida Arne Semsrott ya kafa Freiheitsfonds, asusun da ke tara gudummawa yana biyan tarar waɗanda aka ɗaure saboda tikiti don a sake su. A 2023 majalisar birnin Düsseldorf ta umarci kamfanin sufurinta ya daina kai irin wannan ƙara. Daga 1 ga Fabrairu 2024 kuma aka rage ɗaurin da rabi, kwana biyu na tara ya koma kwana ɗaya a kurkuku, dokar da ta kawo wannan kuma ta umarci alƙalai su bar wa mutum abin da zai ci. Gyaran bai kai ba. Rabin ɗauri ɗauri ne, yana iya raba mutum da ɗakin hayarsa da aikinsa. Ya kamata a fitar da rashin tikiti daga kundin laifuka kamar yadda aka fitar da ƙananan laifuka a 1975, kuma kada a kulle kowa a kan tara sai alƙali ya gan shi ido da ido ya ji dalilinsa.

Kafin a kai ga haka, 'yan'uwa da ke karatu ko neman abinci a Hamburg da Berlin da sauran biranen Jamus, in ambulan ruwan ɗorawa ya zo muku ku buɗe shi a ranar. Ku duba ko Bußgeldbescheid aka rubuta, wato takardar Geldbuße, ko Strafbefehl, ku duba yawan kwanakin da kuɗin kowane kwana, ku nemi lauya ko ofishin ba da shawara kafin mako biyun su cika.