Macizan Faturik da Macijiyar Kusugu

Ranar 17 ga Maris ake bikin Waliyyi Faturik, wanda ya yi wa'azin Kiristanci a ƙasar Ayilan cikin ƙarni na 5. A 1961 limaman Katolika suka ɗauke shi a matsayin waliyyin Nijeriya, don haka zancensa ya shafi Maguzawan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa waɗanda suka shiga wannan ɗariƙa.

Masu raya addinin gargajiya a Turai da Amurka suna sukar bikin. Hujjarsu ita ce, wai macizan da aka ce ya kora cikin teku ba macizai ba ne, bokayen ƙasar ne ya murƙushe. Fassarar tana da daɗin ji, amma ba ta da tushe. Shi kansa Faturik bai ambaci korar maciji ba a rubutunsa, labarin ma bai shahara ba sai wajen ƙarni na 12. Ƙasar kuwa can asali ba ta da macizai. Tsafi kuma bai mutu da zuwansa ba, tun da har wajen 560 Sarki Diyarmet ya yi bikin gargajiya a Tara.

Irin wannan gaggawa takan kama wasu manazartanmu game da macijiyar Kusugu, su ce ai kan tsafin Daura Bayajida ya sare. To, in haka ne, yaya aka yi bori da yanka wa iskoki suka ɗore a karkarar kudancin Katsina ɗaruruwan shekaru bayansa?