Kaset Uku a Leda Ɗaya

A shekarun 1990, idan aka aiki yaro shagon hayar kaset a Kano, da wuya ya dawo da fim iri guda. Uwar gida ta ce a karɓo mata na Indiya, samarin gidan sun yi karo-karo don na Chanis, wani yayan kuma ya dage sai na yaƙin Amurka. Bidiyo ɗaya ce a gidan, talabijin ma ɗaya, gobe kuma za a mayar da kaya ko a biya kuɗin ƙarin kwana. Dole kowa ya zauna ya kalli zaɓin ɗan'uwansa. A ganina, a wannan zaman na dole ne Bahaushe ya koyi auna fim da fim.

Kafin nan sinima ce wurin kallo. Kwarori masu gidajen sinima sun fara kawo finafinan Indiya tun shekarun 1950, amma zuwa Plaza ko Marhaba harka ce ta maza, kuma macen kirki ba ta son a gan ta a can. Kaset ɗin haya shi ya shigar da fim har ɗakin matar aure. Da masu kallo suka canja, hukuncin da ake yanke wa fim ma ya canja.

Yawancin masu kallon ba sa jin Indiyanci, balle yaren mutanen Sin. Saboda haka ƙashin labari suke bi: wane ne ekta, wane ne bos, me ya haɗa su. Da wannan ma'auni suka gano cewa Drunken Master na Jackie Chan (1978) da Commando na Arnold (1985) da Sholay (1975) duk akwai zalunci da ramuwa a cikinsu, sai dai hanya ta bambanta. A na Chanis, jarumi sai ya sha duka, ya rusuna wa wani tsoho, ya ɗebo ruwa, ya wahala kafin ya iya faɗa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tarbiyya, shi ya sa ba ya buƙatar tafinta. Na Amurka mutum ɗaya ne da bindiga, ba kawu ba gwaggo. Ana sha'awar ƙarfinsa, amma ana gamawa an manta da shi. Ga kuma fargabar wurin da za a yi sumba alhali iyaye na zaune, sai ka ga yaro ya yi zumbur ya danna maɓallin wucewa.

Na Indiya kuwa awa uku yake ci, kuma ba mai ƙorafi. Uba ya hana auren talaka, uwa tana kuka, yarinya tana tsaka mai wuya tsakanin biyayya da abin da zuciyarta ke so, ga kunya a gaban surukai. Matan da ke kallo sun san wannan damuwa daga cikin gidajensu. Sabo ya kai ga raɗa wa jaruman suna: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Ana yawan zargin Kannywood da kwaikwayon Indiya kamar makauniyar biyayya ce, ni kuwa ban yarda ba. Daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 zuwa Sangaya a 1999, masu shirya fim suna sayar wa mutanen da suka riga suka kalli iri uku a dare ɗaya, suka zaɓa da idonsu buɗe. Gaskiya ne harbe-harbe da fashewar motoci sun fi ƙarfin aljihun furodusa, amma ko da kuɗin, labarin auren dole da kishiya ne mai aiken yaro shago take nema. Laifin da nake gani shi ne an ɗauki rawa da waƙa fiye da yadda aka ɗauki haƙurin gina labari.

Yau shagunan sun koma wuraren tura fim a waya, fassarar Algaita kuma ta sa jaruman Indiya suna magana da Hausar Kano. An samu fahimtar kowace kalma. Amma kowa da wayarsa da abin toshe kunnensa, mai son Indiya ba ya ƙara zama ya kalli Chanis don ƙaninsa ne ya biya kuɗin haya.