Sabunta Babban Injin Zarto Domin Tsaga Katako

Sare bishiya da tsaga ta katako ayyuka biyu ne daban, ko da yake inji ɗaya ke yin su. Mai sara yana yanka itace ta gicciye, cikin ɗan lokaci ya gama, injin ya huta. Mai tsaga kuwa bin tsawon gungumen yake yi, ya danne mai har ƙarshe, ya riƙe haka na tsawon mintoci kafin falanki ɗaya ya fita. Wannan doguwar wahala ita ke kashe inji, kuma zafi ne makaminta. Saboda haka duk gyaran da za a yi wa injin tsaga, a kan maganin zafi ya kamata a gina shi.

A dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga Ghana zuwa kudancin Najeriya da Kamaru, injin da ya yi suna a wannan sana'a shi ne Stihl 070, ƙirar kamfanin da Andreas Stihl ya kafa a Jamus a 1926. Injin ya fito a 1968, ya gaji injin Contra na 1959. Girmansa kusan cc 106, faɗin silindarsa milimita 58, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa takobi da sarƙa ba. Yayansa 090 ya kai cc 137. Ba shi da saurin injinan zamani, amma yana da ja, ga sauƙin kwancewa da sifana da sukurdireba a tsakiyar daji. Da irinsa ake tsaga loko da maɗaci da kawo, katakon ya hau tirela ya sauka a kasuwannin 'yan katako na Arewa. A Ghana an haramta sayar da katakon da aka tsaga da injin zarto tun 1998, duk da haka wani bincike ya taɓa nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na katakon kasuwannin cikin gida daga nan yake fitowa.

Gyara na farawa da karanta fistan. Kafin a kwance komai, ana cire salansa a leƙa ta ramin hayaƙi. Fistan mai lafiya sumul yake, da danshin mai a jikinsa. Idan aka ga zane-zane a tsaye ta ɓangaren salansa, zobe ya maƙale a gurbinsa, to zafi ne da ƙarancin mai. Idan ɓangaren kafireta ne ya goge ya yi ƙyalli, ƙurar katako ce ta wuce matatar iska. A nan ne yawancin gyara ke lalacewa: a sayo sabon fistan a saka, injin ya tashi da ƙara mai daɗi, mai shi ya koma daji, bayan 'yan kwanaki ya dawo da ciwon jiya. Fistan da ya ƙone shaida ne kawai, mai laifin yana wani wuri.

Sau da yawa mai laifin iska ce ta sata. Wannan inji irin ƙaramin janareto ne da ake haɗa wa fetur da baƙin mai: cakuɗin yana bi ta cikin akwatin kiranshaf kafin ya hau silinda, shi ne kuma ke jiƙa boris da fistan. Idan robar da ke toshe bakin kiranshaf ta tsufa, ko gasket ɗin gindin silinda ya fashe, iska za ta shiga ba da lissafin kafireta ba. Mai ya yi ƙaranci, injin ya ƙara gudu, zafi ya hau. Mugun abin shi ne, inji mai wannan ciwo yakan fi daɗin aiki dab da mutuwarsa. Ana gano shi ta hanyar toshe ramin kafireta da na salansa, a hura iska har matsinta ya kai kimanin rabin "bar", a zuba wa allurar ma'auni ido. In ta fara sauka, sai a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ɓarakar take. Sannan a juya gwajin a zuƙe iskar, domin akwai robar da ke riƙe hurawa amma ta saki a zuƙa. Wannan gwaji ba ya cin rabin sa'a, kuma shi aka fi tsallakewa.

Silindar alminiyon ce da aka yi wa ciki shafe mai tauri, don haka ba a yi mata bora kamar ta babur. Narkakken fistan da ya manne mata ana iya kankare shi a hankali da sanfefa mai laushi, amma idan farce ya kama rami ko shafen ya ɓare, ta gama aiki. Boris da robobi ana canza su gaba ɗaya tunda an riga an buɗe. Kibiyar da ke kan fistan salansa take kallo. Kasuwa cike take da kayan kwaikwayo, har da injin sukutum, kuma tsohuwar silinda ta asali da aka wanke takan fi sabuwa mai araha daɗewa.

Kafireta tana buƙatar sababbin fatu da sabon tiyon mai, sannan saiti. Sukurori biyu ne, L na ƙaramin gudu, H na babba. Injin tsaga ana buɗe masa H ya ɗan fi na mai sara, yadda idan aka danne mai babu itace za a ji muryarsa na ɗan gargada, da ya shiga gungume sai ta washe. Wanda ya matse H don tattalin fetur ya sayi fistan ne bai sani ba. Haɗin mai kashi 50 na fetur ne da 1 na man da aka yi domin irin wannan inji. Da man da bai kai shi ba, tsohuwar ƙa'ida ita ce 25 da 1.

Saura sarƙa da takobi, waɗanda ke iya mayar da duk wahalar baya banza. Haƙoran sara ana wasa su a kusurwar digiri 30, na tsaga kuwa digiri 10, domin fuskar katako ta fita da santsi. Dakusasshiyar sarƙa gari take fitarwa maimakon ɓarzajjen itace, mai aiki ya riƙa dannawa, injin ya ɗauki zafi. Haƙoran gefe ɗaya in sun fi na ɗayan tsawo, yankan zai karkace, falanki ya fito kai da kauri gindi siriri. Takobin ana juya shi lokaci-lokaci, a gyara leɓunansa da magagari, a share kwarinsa. Samfurin 070 yana da famfon mai na kansa da kuma na danna yatsa, dukansu sai an tabbatar suna aiki. Ƙonannen baƙin man mota da ake yawan zuba wa sarƙa yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe mai cin famfo da takobi.

Mafi yawan masu tsaga a yankin da hannu suke yi, su ja layi a kan gungume da igiya, su bi shi da bakin takobi. Gwanintarsu abin a yaba ce, amma haɗarin babba ne, domin bakin takobi ne ke sa inji ya yi tsalle ya dawo kan mai shi, ga 070 ba shi da birkin sarƙa. Firam ɗin ƙarfe da ake ɗaure takobin a ciki, irin wanda kamfanin Granberg na Amurka ke ƙerawa da sunan Alaskan, yana rage wannan haɗari, yana daidaita kauri, yana kuma rage itacen da ke salwanta. Da firam ko babu, injin da aka sabunta ana lallaɓa shi a tankunan farko, a bar shi ya yi aiki a hankali na minti ɗaya ko biyu bayan kowane yanka kafin a kashe, kuma kowace yamma a share matatar iska da tsakankanin fukafukan silinda inda gari ke taruwa.