Fatalwar da Hukuma Ta Hana Fitowa: Nazarin Fim ɗin "Gida Mai Lamba 81" a Ma'aunin Aƙida

Gabatarwa

A unguwar Chaoyangmen ta birnin Beijing akwai wani tsohon gida mai fasalin ginin Turawa, wanda aka gina a farkon ƙarni na 20. Lambarsa 81, kuma mallakar Cocin Katolika na birnin ne. Ya daɗe babu kowa a ciki, har jama'a suka ƙaga masa labari cewa matar wani hafsan sojan Kuomintang ta rataye kanta a can bayan mijinta ya gudu Taiwan a 1949. A kan wannan jita-jita Raymond Yip ya gina fim ɗinsa na 2014, Jingcheng 81 Hao, wanda aka fi sani a ƙetare da The House That Never Dies. Fim ɗin ya tara fiye da yuan miliyan 400, abin da ba a saba gani ba ga finafinan ban tsoro a ƙasar Sin. Wannan maƙala za ta duba abin da yake faɗa game da mamaci, da zalunci, da sakayya.

Labarin da Tushensa

Zare biyu aka saƙa labarin da su. A zamanin yau, wata marubuciya mai suna Xu Ruoqing ta tare a gidan, sai ta soma gane-gane da jiye-jiye. A zamanin Jamhuriya kuwa, kafin 1949, wata mace mai suna Lu Dieyu ta shigo gidan da zaton za ta auri masoyinta, ashe dangin sun shirya ɗaura mata aure da ɗan'uwansa da ya riga ya mutu. Ruby Lin ce ta fito a matsayin matan biyu, kuma wannan zaɓi ya fi kowace dabarar kyamara tasiri: fuska ɗaya ce ke shan wahala a zamani biyu.

Auren matacce, wanda Sinawa ke kira minghun, tsohuwar al'ada ce. Tushenta shi ne imanin cewa wanda ya mutu bai yi aure ba, ba zai samu natsuwa ba, zai kuma dami danginsa. Haka nan a camfin ƙasar, wanda aka kashe bisa zalunci, ko wanda ba shi da zuriyar da za ta yi masa hadaya, yakan zama fatalwa mai yawo. Don irinsu ake ƙona takardu da ajiye abinci a wata na bakwai na kalandarsu. Pu Songling, wanda ya rayu daga 1640 zuwa 1715, ya cika kundinsa Liaozhai da irin waɗannan labarai, ya yi amfani da su wajen sukar alƙalai masu cin hanci. Ke nan fatalwa a adabin Sin mai ƙara ce da kotun duniya ta ƙi saurara.

Hannun Hukuma a Ƙarshen Labari

Ƙarshen fim ɗin ne ya rushe abin da farkonsa ya gina. Bayan an daɗe ana tsorata mai kallo, sai aka bayyana cewa marubuciyar ba ta ga komai ba. Ƙwaya mai juya hankali aka riƙa ba ta. Dalilin wannan ya fi ƙarfin marubucin fim. Gwamnatin Kwaminis ta ginu a kan aƙidar da ba ta yarda da gaibu ba, kuma masu tace finafinai ba sa barin fatalwa ta tabbata gaskiya a labarin wannan zamani. Dokar masana'antar fim da ta soma aiki ranar 1 ga Maris, 2017 ta fito fili ta hana yaɗa camfi. Shi ya sa masu shirya fim ke fakewa da mafarki, ko taɓin hankali, ko makircin ɗan Adam. Abin ya bambanta a Hong Kong ta da, inda Mr. Vampire na 1985 ya nuna bokan Tao yana yaƙar gawa mai tsalle ba tare da neman uzuri ba, da kuma Taiwan, inda Detention na 2019 ya bar fatalwowi su ba da shaida kan danniyar siyasa ta 1962.

Illar wannan dabara ga Gida Mai Lamba 81 babba ce. An soke fatalwar, amma ba a soke zaluncin ba. An aurar da rayayyiya ga gawa, sannan aka ce wa mai kallo kukan da ya ji aikin ƙwaya ne. Camfi, duk da ɓatansa, ya yarda cewa akwai haƙƙin da ba a biya ba. Bayanin da hukuma ta yarda da shi bai bar wa wadda aka zalunta ko da wurin kai ƙara ba.

Ma'aunin Musulunci

Musulmi ba ya tare da ɗayan ɓangarorin biyu. Aya ta 99 da ta 100 na Suratul Mu'minun sun nuna cewa mai mutuwa yakan roƙi a mayar da shi duniya, a ƙi, kuma barzahu na tsakaninsa da ita har ranar tashi. Don haka mamaci ba ya gadin gida, ba ya buƙatar amarya, ba ya ɗaukar fansa. Wannan hukunci ya hau kan fatalwar Sinawa kamar yadda ya hau kan ta tatsuniyar Bahaushe. Sai dai kore fatalwa ba kore gaibu ba ne: aljanu halitta ce tabbatacciya da nassi, azabar kabari da ni'imarsa gaskiya ne.

Game da haƙƙin Lu Dieyu da ire-irenta, Shari'a ta tare ɓarnar tun daga tushe. Aya ta 19 ta Suratun Nisa'i ta hana a gaji mata bisa tilas, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya warware auren Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba. Abin da ya kuɓuce wa hukuncin duniya kuwa, Suratut Takwir ta nuna cewa har jaririyar da aka binne da rai za a tambaya a kan wane laifi aka kashe ta.

Kammalawa

Darajar fim ɗin tana cikin tambayar da ya tayar: ina haƙƙin wanda ya mutu ba a saurare shi ba? Rauninsa shi ne ya ba da amsa biyu masu karo da juna, ɗaya don cika gidan kallo, ɗaya don samun lasisi. Ɗalibin kwatanta addinai zai amfana da shi a matsayin shaida cewa fiɗirar ɗan Adam ba ta haƙura da zaluncin da ba shi da hisabi, ko da hukuma ta ce babu Lahira. Allah ne mafi sani.