Sarewar Yaron Makiyayi: Nazari Kan Hikayoyin Hasidawa

A yankin Podoliya, cikin ƙasar Yukren ta yau, an ce an yi wani Bayahude mutumin ƙauye da karatu ya ƙi shiga kan ɗansa sam. Yaron ko baƙaƙen Ibrananci bai iya haɗawa ba, balle ya buɗe littafin addu'a. Kiwo yake yi, yana da 'yar sarewar da yake busa wa tumaki. Da ya kai shekara 13, uban ya tafi da shi majami'ar malam Baal Shem Tov ran Yom Kippur, wato Ranar Kafara, azumi mafi girma a wurin Yahudawa, don gudun kada ya bar shi gida ya ci abinci cikin rashin sani. Tun safe yaron ke jin mutane suna kuka suna roƙon gafara, shi kuwa ba shi da kalma ko ɗaya da zai faɗa. Duk sanda ya kai hannu aljihu sai uban ya riƙe. Da rana ta kusa faɗuwa aka shiga addu'ar rufewa, sai ya fizge hannunsa, ya zaro sarewar, ya busa iya ƙarfinsa. Jama'a suka firgita. Malamin kuwa ya ƙarasa addu'arsa, daga baya ya shaida musu cewa busar yaron nan ce ta buɗe ƙofar da suka wuni suna ƙwanƙwasawa.

Wannan hikaya ta zaga duniya. Ana samunta a littattafan ƙarfafa zuciya, a bakin masu wa'azi, har a saƙonnin waya, kusan kullum da darasi guda manne a ƙasanta: Ubangiji zuciya yake dubawa. Darasin ba ƙarya ba ne, amma ya zubar da rabin labarin. A shari'ar Yahudawa busa ko kiɗa haramun ne ran Asabar da ran Kafara. Saboda haka uban da ya riƙe hannun ɗansa gaskiyarsa ce, kuma waɗanda suka fara jin labarin masu kiyaye wannan doka ne, su ma gabansu faɗuwa yake yi idan aka zo kan busar. Malamin bai ce baɗi kowa ya zo da sarewarsa ba. Har gobe Hasidawa, wato mabiya tafarkin Baal Shem Tov, ba sa kiɗa a wannan rana, suna ma cikin mafi tsananin riƙo da shari'a a duk Yahudawa. Abin da labarin ya nufa da mari shi ne girman kan masu ilimi, waɗanda suka wuni suna karanta komai daidai alhali zuciyarsu na wani wuri. A ganina nan ƙarfin wannan adabi yake: yana rayuwa ne a tsakanin doka da zuciya. Wanda ya cire dokar don labarin ya yi daɗin ji, ya cire masa haƙora.

Isra'ila ben Eliezer, wanda aka fi sani da Baal Shem Tov, an haife shi wajen 1700, ya zauna a garin Medzhybizh daga wajen 1740 har rasuwarsa a 1760. Mai magani ne, yana rubuta laya, yana yi wa marasa lafiya addu'a, kuma bai bar littafin da ya wallafa da kansa ba. Hikayoyi kan nuna shi talaka da manya suka raina, amma masanin tarihi Moshe Rosman, a littafinsa na 1996, ya nuna daga takardun harajin garin cewa al'umma ta ba shi gida ya zauna ba ya biyan haraji, alamar mutum ne mai daraja a cikinta. Bayansa almajiran almajirinsa Dov Ber na Mezeritch, wanda ya rasu a 1772, su suka watsa tafarkin a Poland da Yukren da Belarus. A wannan shekarar ce kuma shugabannin Yahudawan Vilna, da goyon bayan babban malaminsu Eliyahu, wanda ake kira Gaon, suka yi shelar ƙaurace wa Hasidawa. Laifin da aka ɗora musu ya haɗa da sakaci da karatun Talmud, babban littafin shari'arsu, ihu da tsalle-tsalle cikin addu'a, da sauya tsarin ibada. Wannan rigima ta shafi hikayoyin, shi ya sa da dama daga cikinsu raddi ne da aka lulluɓe da labari.

Wurin da ake ba da su ma yana da muhimmanci. An raba Attaura kashi 54, ana karanta kashi ɗaya ko biyu kowace Asabar har a sauke cikin shekara. Ran Asabar Hasidawa kan taru a teburin shugabansu, wanda suke kira rebbe. Yana ci suna kallo, a raba musu ragowar abincinsa don neman albarka, a rera waƙoƙi marasa kalmomi, sannan ya yi bayani kan kashin makon da harshen Yidish. Rubutu haramun ne a ranar, don haka almajirai haddacewa suke yi, sai taurari sun fito da dare wani ya zauna ya rubuta abin da ya riƙe, galibi da Ibrananci. A daren ne kuma ake cin abincin rakiyar Asabar, inda aka saba ba da labaran salihai. A wurinsu ba da irin wannan labari ibada ne. Ana ambaton wanda aka ji daga bakinsa, shi kuma daga wa ya ji. Mai karatun da ya taso yana jin karamomin waliyyai a zaure ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba.

Yadda suke ɗaukar ayar Attaura ya fito fili a labarin Shneur Zalman na Liadi, wanda ya kafa reshen Chabad. A 1798 abokan hamayya suka kai ƙararsa wurin hukumar Rasha, aka tsare shi kwana 53 a kurkukun St. Petersburg. Wannan tarihi ne tabbatacce. Hikaya kuma ta ce wani babban jami'i mai karatun Littafi ya shiga ɗakin da yake tsare, ya tambaye shi: in Ubangiji ya san komai, me ya sa ya kira Adamu yana tambayarsa inda yake bayan ya ci daga itaciyar? Malamin ya fara tambayarsa ko ya yarda cewa Littafin da kowane zamani yake magana. Da ya amsa, sai ya ce masa to wannan kiran kowane mutum ake yi wa: an ba ka shekaru kaza a duniya, ina ka kai? Ya kuma ambaci daidai shekarun jami'in. Mutumin ya zo ne da tambayar ƙure, ya fita jikinsa na ɓari. Dabarar ke nan a kusan duk wa'azinsu. Ba a barin aya ta zauna a zamanin da. Sai an juyo da ita ta kalli mai sauraro ido da ido.

Hikayoyin da suka fi inganci duk haka suke, suna ɗora nauyi kan mai ji. Zusya na Hanipol, wanda ya rasu a 1800, an ce yana kuka gab da mutuwarsa, yana cewa ba ya tsoron a tambaye shi dalilin da bai zama kamar Musa ba, tsoronsa a tambaye shi dalilin da bai zama Zusya ba. Masu littattafan ƙarfafa zuciya sun mai da wannan kirarin yarda da kai, alhali maganar mutum ce da ke tsoron hisabi. Levi Yitzhak na Berditchev kuwa, wanda ya rasu a 1809, an ce ya ga wani mai keken doki yana shafa wa ƙafafun kekensa mai, ga mayafin addu'a a kafaɗa, bakinsa na motsi. Wani malamin da tsawa zai yi masa. Shi sai ya ɗaga kai sama ya ce Ubangiji ya dubi bayinsa, ko suna shafa mai ba sa mantawa da shi. Ina son wannan labari ƙwarai, domin bai ce mai keken ya yi daidai ba. Ya dai nuna malamin da ya zaɓi ya tsaya wa jama'arsa a gaban Mahalicci, maimakon ya zama mai kai ƙararsu.

Ba dukan kayan ne nasu na asali ba. Labarin da ake danganta wa Simcha Bunim na Peshischa, na talakan Krakow da ya yi mafarkin dukiya ƙarƙashin gadar Prag, ya je can, mai gadi ya yi masa dariya ya ba shi labarin nasa mafarkin na dukiya ƙarƙashin murhun wani Bayahuden Krakow, ya komo gida ya haƙa ya samu, yana da ɗan'uwa a Dare Dubu da Ɗaya, inda mutumin Bagadaza ya tafi Masar. Bambancin shi ne an ce Bunim kan ba da shi ga sababbin almajirai, don su san akwai abin da ko wurin rebbe ba za su samu ba sai a gidan kansu.

Wannan gargaɗi yana da dalili, domin akwai ɓangaren adabin da bai kai waɗannan ba. Tarin farko da aka buga, Shivhei ha-Besht, ya fito a 1814, fiye da shekara 50 bayan rasuwar Baal Shem Tov, wanda ake yabo a cikinsa, kuma cike yake da karamomi: tafiyar kwanaki cikin dare ɗaya, korar aljanu, azabar da ta faɗa wa wanda ya yi wa malam musu. Irin waɗannan biyayya suke koyarwa fiye da tunani, kuma sun yi wa gidajen sarautar rebbe amfani lokacin da muƙamin ya zama gado. Marubuci Joseph Perl ya yi musu ba'a mai zafi a littafinsa na 1819. Mata kuma ba su cika samun baki ba. Ana yawan jin labarin mutumin da ya bar gida makonni don ziyarar malaminsa. Da wuya a ji na matar da ta riƙe kanti da yara har ya dawo. Nachman na Breslov, tattaɓa-kunnen Baal Shem Tov, shi ya bi wata hanya dabam: daga 1806 ya riƙa ƙirƙirar labaran sarakuna da gimbiyoyi da mabarata, wasu ya bar su ba ƙarshe da gangan. Tarin fuka ya kashe shi a Uman a 1810 yana da shekara 38, almajirinsa Natan ya buga guda 13 bayan rasuwarsa.

Yawancin abin da duniya ta sani ta hannun marubuci Martin Buber ya zo, wanda ya fara fassara hikayoyin zuwa Jamusanci a 1906. Ya goge su, ya rage karamomi, ya fito da hikima. A 1961 masanin tarihi Gershom Scholem ya soke shi a fili, yana cewa ya ɗauki labarai ya watsar da littattafan wa'azi inda ainihin aƙidar take, ya kuma cusa falsafarsa a bakin mutanen da ba su san ta ba. Ta fuskar tarihi Scholem ne da gaskiya. Sai dai ba don Buber ba, da Zusya bai fita daga unguwannin Yahudawan gabashin Turai ba. Kuskuren ya fi girma a hannun waɗanda suka zo bayansa suka ƙara tace abin da ya riga ya tace, har ya koma maganar da za ta dace da kowa ba tare da ta nemi komai daga kowa ba.

Wanda ke son ganin ko wannan al'ada ta wuce lallashi, ya dubi Kalonymus Kalman Shapira, rebbe na Piaseczno. Ɗansa namiji tilo ya mutu a ruwan bama-baman da Jamus ta yi wa Warsaw a Satumba 1939. Duk da haka ya ci gaba da bayanin kashin Attaura na mako-mako a unguwar da 'yan Nazi suka killace Yahudawa, har zuwa 1942. Da farko ya gaya wa jama'arsa cewa kakanninsu ma sun ga irin wannan wahala. A ƙarshen 1942 ya koma kan rubutun ya ƙara bayani cewa abin da ake yi musu yanzu bai ga irinsa ba a duk tarihin da ya karanta. Bai bar imaninsa ba, bai kuma yarda ya bar maganar da ta daina zama gaskiya a littafinsa ba. An kashe shi a Nuwamba 1943. An tono rubutun a 1950 cikin takardun da aka binne a garwar madara, aka buga shi a Isra'ila a 1960.