Ƙamus a Yanar Gizo da Na'urar Fassara: Tsokaci a Kan Kayan Aikin da Malamin Hausa Ya Jingina da Su

Tun a 1977, lokacin da aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, aka tanadi cewa yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, wato Hausa ko Ibo ko Yarbanci, baya ga harshensa na gida. Bugun 2004 ya sake jaddada wannan tanadi a matakin ƙaramar sakandare. Takarda ta faɗi abin da za a koyar, amma ba ta kai wa malami littafi cikin aji ba. Malamin da ke koyar da Hausa a Aba ko Ibadan ko Kalaba sau da yawa shi kaɗai ne a fanninsa, ba shi da abokin shawara, kuma ɗakin karatun makarantarsa ba ya da ƙamusun Hausa ko ɗaya. Abin da yake da shi ita ce wayar da ke aljihunsa. Wannan tsokaci zai dubi abubuwa biyu da irin wannan malami ya fi buɗewa a wayar, wato ƙamusun Bargery da aka ɗora a yanar gizo da kuma na'urar fassara, domin a ga abin da suke ba shi da abin da suke ɓata masa.

Zan fara da abin da na gani da idona. A wata makaranta a kudu maso gabas, malama ta kwafo wani ɗan labari daga intanet ta raba wa ɗalibai don auna fahimta. A cikinsa akwai jimlar da marubucin ya yi nufin ta zama "ƙura ta tashi a kasuwa", amma ƙugiyar baƙin farko ta ɓace. Wani yaro mai ƙwazo ya duba kalmar, ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, kura tana shiga kasuwa ne a ƙasar Hausa?" Aji ya fashe da dariya. Yaron bai yi kuskure ba, abin da aka ba shi ya karanta. Bahaushe yana cike gurbin ƙugiyar da ta ɓace daga abin da kunnensa ya saba ji. Mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu kuwa ba shi da wannan jari. A wurinsa baki da baƙi, kasa da ƙasa, kare da ƙare, bari da ɓari, duk abin da takarda ta nuna masa shi zai ɗauka.

Ƙamusun G. P. Bargery ya fito a 1934, tare da bayanin D. Westermann a kan Hausawa da harshensu, kuma yana ɗauke da kalmomi kimanin 39,000. An sake buga shi a Zariya a 1993 da ƙarin kalmomin da Neil Skinner ya tattara. Ba mai nazarin Hausa da zai raina wannan aiki. Malamin da ke shirya darasi a kan sana'o'in gargajiya zai samu kalmomin rini da saƙa da ƙira da jima da noma waɗanda yau ko a Kano sai an nemi tsoho kafin a ji su. Har ila yau, Bargery ya yi ƙoƙarin nuna inda ake faɗin kalma, ko Sakkwato ko Katsina ko wani wuri, kuma ya yi alamar karin sauti a lokacin da rubutun yau da kullum bai damu da shi ba. Ɗora shi a yanar gizo alheri ne babba, domin littafin mai kauri ne, mai tsada, mai wuyar samu.

Amma ya kamata a tuna wa aka rubuta wa shi. An rubuta shi ne don Baturen da ke son ya ji Hausa, da Ingilishin shekarun 1930, kafin tarurrukan daidaita ƙa'idojin rubutu irin na Bamako a 1966. Talabijin da kwamfuta ba su cikinsa, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda akwatin bincike ya raba kalma da mahallinta. Wanda ya riƙe littafin a hannu zai ga gabatarwa, ya ga jerin taƙaitattun alamomi, ya ga kalmomin da ke maƙwabtaka da wadda yake nema. Wanda ya rubuta kalma a waya kuwa amsa ɗaya take faɗo masa, sai ya kwafe ta zuwa allo ba tare da ya lura da ƙaramar alamar da ke cewa wannan Sakkwatanci ne ba. Ta haka kalmar karin harshe take shiga darasin da manhaja ta ce na daidaitacciyar Hausa ne. Bugu da ƙari, masana sun daɗe da lura cewa ba a dogara da tsofaffin ƙamusoshi wajen tsawon wasalin ƙarshen kalma, kuma wannan yana cikin abubuwan da ayyukan Paul Newman da Roxana Ma Newman suka gyara, tun daga ƙamusunsu na 1977. Malamin da ke koyar da tsarin sauti daga Bargery kaɗai zai iya koyar da abin da aka riga aka gyara kusan shekara hamsin da suka wuce.

Akwai kuma wata illa da ba ta fitowa fili nan take. Ƙamus ne na Hausa zuwa Ingilishi, saboda haka duk lokacin da aka buɗe shi darasin Hausa yana komawa darasin fassara. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar a 2006, yana bayyana Hausa da Hausa, kuma shi ne ya fi dacewa da ɗalibin babbar sakandare. Cikin malaman kudu da na tattauna da su, kaɗan ne suka taɓa riƙe shi.

Na'urar fassara lamarinta daban ne. Kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa a 2013, kuma duk wanda ya gwada ta a wancan lokaci ya sake gwadawa yanzu ya san an samu ci gaba. Idan malami yana son ya fahimci gundarin wani labarin jarida, za ta yi masa amfani. Matsalar tana tasowa ne idan aka mayar da ita mai rubuta jimlolin misali. Ingilishi yana da wakilin suna ɗaya tak na mutum na biyu, alhali Hausa tana bambanta ka da ki da ku. Dole na'ura ta zaɓi ɗaya, kuma ba ta ganin wanda ake magana da shi. Haka nan kalma ɗaya ta Ingilishi ta haɗa kawu da baffa, wata ta haɗa wa da ƙane. Waɗannan bambance-bambance na jinsi da adadi da dangantaka su ne ainihin abin da ake son ɗalibi ya ƙware a kai a shekarar farko. Ga kuma ladabi: yaro yakan ce wa dattijo ku ko da shi kaɗai ne, abin da babu alamarsa a jimlar Ingilishin da aka ba na'urar.

Sa'an nan sai a tambaya, daga ina na'urar ta koyi Hausarta? Daga rubutun da ke yawo a intanet, wanda mai yawansa bai bi ƙa'ida ba. A nan ne ake haɗe lamirin suna da aikatau, a rubuta "yayi" maimakon "ya yi", a rubuta "shine" maimakon "shi ne". Mafi muni ita ce "bata", wadda a rubutun waya take tsaya wa "ba ta" ta korewa, da "ba ta" ta bayarwa, da kuma "ɓata". Ɗalibin da idonsa ya saba da wannan zai kai shi zauren jarrabawar WAEC ko NECO, inda ake rage maki a kan ƙa'idojin rubutu. Malamin da ya raba irin wannan rubutu a aji ya sa masa hannu ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

A shekarun baya akwai uzuri, domin keken rubutu da kwamfutocin farko ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai a yi dabarar sa waƙafi a gefen baƙi ko a bi da biro a lanƙwasa. Wannan uzuri ya ƙare. Tsarin Unicode yana ɗauke da baƙaƙen nan manya da ƙanana, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar inda mu muke rubuta 'y, kuma allon rubutu irin Gboard yana da Hausa. Nuna wa malami yadda zai kunna shi bai kai tsawon darasi ɗaya ba. Inda ake tuntuɓe shi ne shagon buga takardu, idan aka zaɓi salon baƙaƙen da ba shi da masu ƙugiya, sai takardar jarrabawa ta fito da ƙananan akwatuna a gurbinsu. Wannan ma abu ne da jagoran malami zai iya magancewa da sakin layi ɗaya, da masu tsara manhaja sun ɗauke shi a matsayin aikinsu. (Abin lura ne cewa kalmar manhaja kanta yanzu ta ɗauki ma'ana biyu: tsarin karatu a bakinmu, abin da ake saukewa a waya a bakin matasa. Ya kamata a sake duba ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 don irin waɗannan.)

Abin mamaki shi ne aikin da wayar ta fi iyawa shi aka fi yin watsi da shi, wato ɗaukar murya. Rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, haka gari na zama da gari na tuwo, haka baƙi na launi da baƙin da suka zo daga nesa. Ɗan Ibo ko Bayarabe ya taso da harshe mai karin sauti, saboda haka kunnensa a shirye yake ya kama bambancin, in dai an jiyar da shi. Jerin irin waɗannan tagwayen kalmomi, kowace a cikin gajeriyar jimla, da muryar mace da ta namiji masu daidaitacciyar Hausa, a bi su darasi bayan darasi yadda manhaja ta jera, ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi sau ɗaya, kuma malami zai iya tura wa ɗan'uwansa daga waya zuwa waya.